Baƙuwa Daga Lugano

Wata biyu ke nan da Alois Felder ya kori Kilian daga aikin bangon gidansa, kuma har yau ba wanda ya ji dalili daga bakinsa.

Gidan na gado ne, yana fuskantar wani ɗan dandali a tsakiyar tsohon garin Luzern. Ƙasa shagon burodi, sama wurin kwana. A fuskar bangon akwai zanen wasu mata masu girbin alkama, wanda ya girmi kakan Alois, ruwa da sanyi sun cinye rabinsa. Shi aka ɗauko Kilian Arnet ya gyara. Ya kafa katakan hawa, ya yi watanni yana bin zanen da ɗan siririn burushi kamar mai sa wa amarya kwalli. Tagar Jolanda, 'yar Alois ɗaya tilo, tana daidai inda yake aiki. Daga miƙa kofi ta taga, magana ta kai ga aure.

Da fari Alois bai ƙi ba, har "ɗana" yake ce masa. Sai wata safiya cikin watan Afrilu aka ji shi yana daka tsawa a ƙofar shago. Kafin rana ta take, Kilian ya kwashe gwangwanayen fentinsa ya tafi. Katakan na nan a kafe, matan bango rabinsu da sabuwar fuska, rabi babu.

"Papi, laifi ɗaya kawai nake so ka faɗa mini," in ji Jolanda ranar wata Asabar da safe. Tana tsaye a ɗakin tanda, sanye da jar rigar aikinta ta masu zagayawa da baƙi cikin gari. "Ɗaya tak. Sata ya yi maka? Zaginka ya yi?"

Alois bai ɗago ba, ya ci gaba da kitsa kwaɓin burodin Lahadi.

"Ba na son sa. Wannan bai isa ba?"

"Bai isa ba. Shekarata ashirin da bakwai, ni ba yarinya ba ce."

"To je ki aure shi mana, wa ya riƙe ki? Amma ba za ki gan ni a coci ba, kuma kada ƙafarsa ta sake taka gidan nan."

Hedi, mahaifiyarta, ta leƙo daga wurin sayarwa tana goge hannu. Ita kaɗai ce ke bayan Kilian a gidan.

"Alois, ka ji tsoron Allah. Yaron nan ko kallon banza bai taɓa yi maka ba."

"Ke dai je ki ji da masu saye."

Ƙararrawar ƙofa ta kaɗa, ƙamshin turare ya riga mai shi shigowa. Leander Stutz ne, ɗan aminin Alois, mai shagon agogo a bakin tafki. Tun suna makaranta yake bin Jolanda, tun suna makaranta take ce masa a'a. Amma tunda aka kori Kilian ya mai da gidan wurin karyawarsa.

"Barka da safiya, Herr Felder. Frau Felder. Jolanda, kin rame fa."

"Na gode da lura."

"Ba da mugun nufi na zo ba," ya ce yana gyara wuyan rigarsa. "Kwana uku ina shawara da zuciyata, in nuna ko in bari. Sai na ga in na yi shiru na ci amanar gidan nan."

Ya ciro waya ya miƙa mata.

Kilian ne a kan gadar katako, gefensa wata mace mai baƙin gashi da koren gyale, yana nuna mata wani abu a sama. Leander ya ja yatsa. Ga su kuma a matattakalar babban cocin bakin kogi, ta kwantar da kanta a kafaɗarsa, hannunsa a bayanta. Ya sake ja. Wannan karon a nan dandalinsu ne, kusa da famfon dutse, dukansu sun ɗaga kai suna kallon gidan.

Jolanda ta ɗago kai.

"Yaushe?"

"Laraba."

Laraba. Ranar da Kilian ya ce mata yana garin Sursee yana gyaran bangon wani ƙaramin coci.

Hedi ta leƙa wayar ta ja tsaki. "Leander, agogo ne suka daina tafiya ka koma ɗaukar hoton mutane a ɓoye?"

"Frau Felder, wucewa kawai nake yi."

"Wucewa sau uku, a wuri uku? Lallai ka iya wucewa."

Alois ya karɓi wayar da hannunsa mai gari. Ya daɗe yana kallo, har Jolanda ta ga fuskarsa ta canza. Ta ɗauka fushi ne.

"Kin gani da idonki," ya ce a ƙarshe. "Leander, ka dawo mu ci abincin rana tare. Lokaci ya yi da za a yi magana irin ta manya."

Jolanda ta ɗauki jar laimarta ta fice. Sai da ta sha kwana ta danna lambarsa.

"Kilian, ina kake ranar Laraba?"

"Sursee mana. Ai na gaya miki."

"Duk yini?"

Bai ko jinkirta ba.

"Duk yini."

Ta kashe wayar.

*

Ƙarfe goma baƙi suka taru a bakin gada, su goma sha ɗaya, kowa da hularsa da abin ɗaukar hoto. Jolanda ta ƙirƙiro murmushin aiki ta fara kiran sunaye. Tana gamawa sai wata murya ta ce daga baya, "Akwai ni. Yanzu na yanki tikiti. Ornella."

Ta ɗago. Baƙin gashi. Koren gyale.

Saura kaɗan takardar ta suɓuce mata. Matar za ta girme ta da shekara biyar ko shida, ba wata kwalliya a fuskarta, Jamusancinta da karin mutanen kudu masu Italiyanci. Ta kafe Jolanda da ido kamar mai neman wani abu da ya ɓata.

Wato har ta kai ta biyo ni wurin aikina, in ji Jolanda a ranta. Ta zo ta auna ni ne, ta ga wace ce wannan da ake ɓoye mata.

Ta ɗaga laima. "Ku biyo ni."

Ta yi wannan zagayen fiye da sau dubu, bakinta ya iya shi ko da zuciyarta na wani wuri. Suka hau gadar, katako na amsa takunsu, kogin na gudu a ƙasa. Ta nuna musu zane-zanen da ke rataye a ƙarƙashin rufin, ta nuna inda gobara ta bar baƙin tabo, ta tsaya da su a gindin hasumiyar da ke tsakiyar ruwa. Wani tsoho ɗan Kanada mai yawan surutu ya tambaya ko gadar za ta iya ɗaukar matarsa bayan cakulan ɗin da ta ci jiya. Matar ta maka masa jaka, kowa ya yi dariya.

Ban da Ornella. Kowa ya ɗaga kai yana kallon rufi, ita Jolanda take kallo.

Da suka sauka ta matso kusa.

"Kin daɗe kina wannan aikin?"

"Shekara biyar."

"A garin nan aka haife ki?"

"E."

"Ke kaɗai ce wurin iyayenki?"

Jolanda ta tsaya cak. "Wannan ba ya cikin abin da ake nuna wa baƙi, madam."

"Yi haƙuri."

Ta koma baya, amma ba ta daina kallon ba. A cikin coci, yayin da sauran ke yaba farin rufi da ruwan zinariya, Jolanda ta hango ta a kujerar ƙarshe tana danna waya da sauri. Kilian take rubuta wa, ba shakka. Tana ba shi rahoto: na gan ta, ba ta kai ni ba. Jolanda ta rikita shekarar da aka gina cocin, abin da ba ta taɓa yi ba, sai da ɗan Kanada ya gyara mata daga littafinsa.

Hanya ta saba bi da su ta dandalinsu, inda takan ce da alfahari, "Wannan gidanmu ne, duk mai son burodi mai zafi ya shiga." Yau ta so ta wuce da sauri, sai tsohon ya tsaya.

"Wannan fa? Me ya sa rabin matan ba su da fuska?"

"Ana cikin gyara ne, aka dakata."

"Hannun ta hagun nan ne ya fi ba shi wahala," in ji Ornella a hankali, idonta a kan bango. "Sati biyu ya yi a kansa."

Jolanda ta juyo gaba ɗaya. "Ya fi ba wa wahala?"

Matar ta daburce. "Mai... mai gyaran. Haka na ji ana faɗa."

"A ina kika ji?"

Amma hankalin Ornella ya riga ya koma kan gilashin shagon. Alois ne ya fito daga ɗakin tanda ɗauke da faranti cike da burodi. Ya ɗago, idonsa ya sauka a kan koren gyalen. Ya tsaya kamar an dasa shi, sannan ya juya da farantin ya koma inda ya fito. Ornella ta dafa bakin famfon dutse kamar mai jin jiri.

Wani sabon zargi ya ɗarsu a ran Jolanda. Ko dai Papi ya san da wannan matar tun tuni? Ko ita ce dalilin korar, ya ɓoye mata don kada zuciyarta ta karye? In haka ne, wata biyu ke nan tana faɗa da mahaifinta a kan mayaudari.

*

A kan ganuwa zagayen ke ƙarewa. Suka hau matakala ana haki, suka shiga hasumiyar agogo, suka jira tsohon agogon ya buga sha biyu kafin sauran agogunan gari su biyo shi. Baƙi suka yi tafi, suka yi mata godiya, suka sauka ɗaya bayan ɗaya.

Ornella ba ta sauka ba. Tana tsaye a siririyar hanyar da ke kan ganuwar, ta dafa ƙarfe, tana kallon jajayen rufin gidaje da tafkin da ke bayansu.

Jolanda ta naɗe laimarta ta nufe ta.

"Kin gama kallona?"

Matar ta juyo.

"Na san ki," in ji Jolanda. "Na ga hotonku a gada, na gan ku a ƙofar coci kin kwanta a kafaɗarsa. Tambaya ɗaya zan yi miki, ki ba ni amsa tsakaninki da Allah. Tun yaushe kuke tare?"

"Ba abin da kike tunani ba ne."

"Haka kowa ke cewa. Tun yaushe?"

"Tun Afrilu na san shi, amma..."

"Afrilu." Jolanda ta yi wata dariya mai ɗaci, hawaye na taruwa a idonta. "Ashe Papi na da gaskiya. Ni ce sakarya."

Takun gudu ya taso daga matakala. Kilian ya ɓullo yana haki, wandonsa duk fenti, gashinsa a hargitse.

"Ornella! Ban ce miki kada ki zo ba?"

"Ka ji ko!" Jolanda ta tafa hannu. "Ka ce mata kada ta zo. Kada ta zo in gan ta, asirinka ya tonu. Sannu da dawowa daga Sursee, Kilian. Hanya ta yi kyau?"

"Jolanda, saurare ni."

"Kada ka taɓa ni! Na tsaya a gaban mahaifina na ɗaga masa murya saboda kai. Wata biyu ba mu ci abinci a tebur ɗaya cikin daɗin rai ba. Leander ya zo da hoto, na ce a raina ƙarya yake, na kira ka don ka wanke kanka. Ka buɗe baki ka ce mini duk yini!"

"Na yi ƙarya, ban musa ba. Amma na rantse ba don abin da kike zargi ba."

"To don me?"

Ya dubi Ornella, ya sunkuyar da kai.

"Ba ni da ikon faɗa. Na yi alkawari."

"Ni ban yi ba," in ji Ornella. Hawaye sun riga sun wanke mata fuska. Ta buɗe jaka, ta ciro wata ambulan da ta sha riƙo. "Ba saurayinki na zo nema ba. Ke na zo gani. Na so in gan ki sau ɗaya kusa da kusa, in ji muryarki, in koma Lugano. Gobe zan hau jirgin ƙasa."

Jolanda ta karɓa kamar mai karɓar garwashi. Tsohon hoto ne: wani saurayi da farar hular masu burodi, ya rungumo wata budurwa mai baƙin gashi a bakin wani tafki da ba nasu ba. Ko a mafarki ta san wannan goshin da wannan kunnuwan. Ƙarƙashin hoton akwai takardar haihuwa. A gurbin sunan uba an rubuta Alois Felder, da sa hannunsa mai doguwar jela.

"Mahaifiyata ce," in ji Ornella. "Ya yi shekara biyu yana koyon aiki a garinmu. Ta rasu a watan Fabrairu. Kafin ta cika ta ce, kina da uba a Luzern, je ki ko gidansa ki gani. Sau ɗaya na taɓa ganinsa, ina da shekara biyar. Ya kawo mini burodi mai kitso, ya ɗauke ni a kafaɗa, ya tafi bai dawo ba."

Ganuwar ta juya da Jolanda. Ta jingina da dutse.

"Na zo na yi kwana uku ina tsayawa a dandalinku, na kasa shiga," matar ta ci gaba. "Kilian ne ya gan ni daga saman katako, ya sauko ya ce ko na ɓata hanya ne. Na fashe masa da kuka. Shi ya kai wa mahaifinki wasiƙata."

"Ya karanta a gabana," in ji Kilian. "Ya riƙe hannuna ya ce, ɗana, ka rufa mini asiri. Ya ce Hedi ba ta daɗe da tashi daga tiyatar zuciya ba, in ta ji daga waje labarin zai iya kashe ta. In ba shi lokaci, shi zai gaya mata da bakinsa. Na rantse masa. Washegari ya kore ni. Ina jin ya kasa jure ganina ne a tagarsa kullum."

Jolanda ta sake duban takardar. Ta dube su. Ta goge ido da bayan hannu, fuskarta ta sake ɗaurewa.

"Takarda kowa na iya bugawa. Kai kuma sana'arka ke nan, Kilian, ka sa sabon abu ya yi kama da tsoho. Yaya zan san ba shirinku ba ne ku biyu? An kama ku, kun zauna kun tsara labari, kun ɗora wa tsohon da ba ya nan."

Kilian ya yi baya kamar ta mare shi.

"Har can kika kai ni?"

"Kai ka kai kanka. Wanda ya yi mini ƙarya da safe, me zai hana ya yi da rana?"

"To mu je," ya ce a hankali. "Ki tambaye shi a gabanmu."

"Don Allah a'a," in ji Ornella tana girgiza kai. "Ban zo in rushe gidan kowa ba."

Jolanda ta damƙi hannunta. "Ai kin riga kin zo."

*

An rufe shago don cin abinci. Suka hau bene, Jolanda a gaba. A tebur an ajiye kaskon taliya da dankali da cuku yana tururi, ga miyar tuffa a gefe. Leander ya zauna a hannun daman Alois, ya canza riga, har da furanni ya kawo.

Alois ya ga Kilian ya miƙe a fusace.

"Ban ce kada ƙafarsa..."

Sai idonsa ya faɗa kan Ornella, maganar ta mutu a bakinsa.

"A'a, baƙuwa muka yi?" in ji Hedi tana murmushi, sai ta gane gyalen, murmushin ya ragu. "Jolanda, me ke faruwa?"

"Wannan ai ita ce!" Leander ya nuna da cokali. "Ita ce ta hoton! Har gida ya kawo ta? Kai, amma ba ka da kunya."

Jolanda ba ta ko kalle shi ba. Ta ajiye hoton da takardar a gaban mahaifinta.

"Papi, ka ce ƙarya ne," ta ce. "Ka dubi idona ka ce ƙarya ne, in kore su da hannuna yanzun nan, in auri duk wanda ka zaɓa mini. Kalma ɗaya nake jira."

Leander ya gyara zama.

Alois bai kalli takardar ba. Matar da ke raɓe a bakin ƙofa yake kallo, leɓensa na motsi. Ya koma ya zauna a hankali kamar wanda aka zare wa laka.

"Ornella," ya ce.

Ba wanda ya faɗi sunanta tunda suka shigo.

Jolanda ta toshe baki da hannu. Hedi ta miƙa hannu ta ɗauki takardar, ta sa tabarau, ta karanta daga sama har ƙasa ba ta tsallake layi ba. Kilian ya matsa kusa da ita don kada ta faɗi. Ba ta faɗi ba.

"Shekara biyu kafin aurenmu," ta ce. "Ka sani?"

"Na sani."

"Tafiyar da ka yi Lugano ina da cikin Jolanda, wai za ka duba sabuwar tanda?"

Alois ya rufe fuska da tafukansa, kafaɗunsa suka fara rawa. "Hedi, tsoro na ji. Kullum ina cewa gobe zan faɗa."

"Goben ta zo."

Ta cire tabarau ta ninke. Ta dubi Leander. "Kai, ɗauki furanninka. Wannan maganar gida ce, kuma in na ji ta a bakin tafki na san bakin da ya kai ta."

Ya sulale ya fita, ko sallama babu.

Hedi ta jawo kujerar da ya bari, ta sauya faranti. "Zo ki zauna, 'yata. Ke ba ki da laifin komai. Kin yi tafiya, kin sha hawan ganuwa, ki ci abinci."

Ornella ta zauna tana shessheƙa. Jolanda ta ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinta. Ta waiwaya ta dubi Kilian, karon farko a ranar ba da harara ba. Ta buɗe baki za ta ba shi haƙuri, sai mahaifiyarta ta riga ta.

"Kai kuma tun yaushe ka sani?"

"Tun Afrilu, Frau Felder."

"Afrilu. Ranar Lahadi mun haɗu a ƙofar coci, ka riƙe hannuna ka tambayi jikina. Ka kalli idona, ko gezau."

"Lafiyarki na ji wa tsoro. Kuma na yi alkawari."

"Ka bar 'yata wata biyu tana kuka, tana tambayar kanta me ta yi. Ka bar ni ina faɗa da mijina a kanka, ban san a kan me nake faɗa ba. Duk ka iya riƙewa."

"Mami," Jolanda ta kama hannunta, "don ke ya yi. Don mu ya yi."

"Shi ma wancan don ni ya yi," in ji Hedi tana nuna Alois ba tare da ta kalle shi ba. Sai a lokacin hawaye suka zubo mata. "Shekara talatin da ɗaya ina kwana ina tashi da mutumin da ya iya shiru. Na san yanzu yadda abin yake. Ba zan miƙa 'yata ga irinsa ba. Jolanda, ubanki ba shi da sauran bakin hana ki, na sani. Amma ni yau na ce a'a."

"Mami, don Allah!"

"Kilian, na gode da ɗawainiyar da ka yi da Ornella. Ga ƙofa."

Ya tsaya kaɗan yana duban Jolanda, yana jira ta ce wani abu. Sannan ya rusuna ya juya. Ta ji takunsa yana sauka, mataki bayan mataki.

Ta ruga zuwa bakin bene, ta dafa ƙarfen matakala. Kira ɗaya za ta yi ya tsaya, ta san haka. Sunansa na kan harshenta.

Amma wata tambaya ta riga sunan fitowa, kuma ba muryar mahaifiyarta ce ta yi ta ba, tata ce. Mutumin da ya ce mata "duk yini" bai yi ko tari ba, sauran me ya iya riƙewa?

Ƙofar ƙasa ta buɗe, ta rufe. Jolanda na nan tsaye, ba ta kira shi ba.